Wai da gaske ne Morishus ba ta da soja? To wa ke tsaronta?

Salamu alaikum. Wani dana daga unguwar Mamobi a Accra ya aiko min da tambaya, ga yadda ya sa ta: "Kawu, kai da ka yi aikin sojan ruwa, wai da gaske ne akwai kasar tsibiri a Afirka mai suna Morishus da ba ta da soja ko daya? In haka ne wa ke tsaronsu? Kuma me ya hana mu ma a Gana mu sallami namu mu huta da kashe kudi, tunda ba wanda muke yaki da shi?"

To dana, abinda ka ji gaskiya ne. Tun da Morishus ta karbi 'yanci daga hannun Ingila ranar 12 ga Maris 1968 ba ta taba kafa rundunar soja ba. Amma kar ka dauka wai ba bindiga a kasar. Abinda suka yi shine duk wani mai kaki da ke rike da makami sun zuba shi karkashin mutum daya, kwamishinan 'yan sanda, shi kuma yana amsawa ga firaminista. A cikin 'yan sandan akwai wata runduna ta musamman da suke kira Special Mobile Force, a takaice SMF, mutum wajen 1,500 ne, hedkwatarsu na garin Vacoas, kuma in ka gansu a fareti wallahi ba za ka ce ba sojoji bane, ga kakin daji ga motoci masu sulke ga horo irin na sojan kasa, har injiniyoyi gare su masu bude hanya in guguwa ta yi barna, don can guguwar teku ba wasa bace. Sai masu gadin teku, sai karamin sashe na helikwafta, sai wasu 'yan kundunbala da Faransawa suka taimaka wajen horarwa saboda irin ranar da za a yi garkuwa da mutane. Dukansu 'yan sanda ne. Babu janar, babu wata bariki irin Burma Camp, hedkwatar sojan Gana, mai cin gashin kanta wadda wani kanar zai fito daga ciki da asuba ya nufi gidan rediyo.

Kafin ka ce sun yi wauta ko sun yi dabara, fara duba taswira. Kasar duka duka murabba'in kilomita 2,040 ce, ba ta kai jihar Greater Accra ba, mutanenta kuma miliyan daya da dubu dari biyu da wani abu, Kumasi da kewayenta ta fi su yawa. Daga gabar Afirka zuwa can wajen kilomita 2,000 ne na ruwa zalla. Makwabcinsu mafi kusa shine tsibirin Reunion, wanda yanki ne na Faransa kuma akwai sojojin Faransa a kai. Wa zai loda tankokin yaki a jirgi ya keta wannan ruwan don ya ci Morishus? Duk kasar da ke da karfin yin haka, ko Morishus ta sa kowane saurayi a kasar cikin kaki ba za ta iya tare ta ba. Duk wadda ba ta da wannan karfin kuma ba za ta iso ba tun farko. Saboda haka sojan kasa mai igwa da tanka ba shi da abokin fada, sai dai ya zauna a bariki yana cin albashi yana tunani, kuma mu 'yan Gana mun san abinda soja ke tunani in ya zauna ba aiki.

Matsalarsu ta gaskiya ruwa ce. Dokar teku ta Majalisar Dinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace kasa mil 12 daga gabarta a matsayin ruwanta na kanta, sannan mil 200 wanda duk kifi da mai da abinda ke karkashi nata ne. Kuma kowane tsibiri da mutane ke iya rayuwa a kai yana jawo nasa mil 200 din. Morishus na da Rodrigues can gabas wajen kilomita 600, tana da Agalega can arewa wajen kilomita 1,100, ga wasu kanana, in ka hada da wadanda take ikirari ruwan da take cewa nata ne ya kai murabba'in kilomita miliyan 2.3. Wato kusan sau goma fadin kasar Gana baki daya, a hannun mutanen da ba su kai Kumasi ba.

Bari in dan tsaya a nan don wannan ne aikin da na sani, kuma mutanen tudu ba sa gane shi. Mutum na ganin jirgin sintiri a Sekondi ko Tema an masa fenti ruwan toka ga bindiga a gaba sai ya dauka ai teku ta tsaru. Ina! Radar da ke kan jirgin in karamin jirgin kamun kifi ne ba za ta gan shi ba sai ya shigo kamar mil 20 ko kasa da haka, don duniya a lankwashe take, abinda ya wuce nan ya buya bayan ruwa. Jirgin kuma a tafiyar sintiri mil 12 zuwa 15 yake ci a awa, in ka matsa masa ya fi haka tankin mai zai fara sauka kana kallo. Daga Port Louis zuwa Agalega a wannan tafiyar kwana biyu ne, zuwa kawai. Sannan duk wanda ya yi aikin ya san in kana son jirgi daya ya kasance a ruwa kullum to sai kana da uku, daya na ruwa, daya na gyara, daya ana shirya shi ana hutar da yara. Manyan jirage doka ta tilasta musu kunna wata na'ura da ake kira AIS wadda ke fadin sunan jirgi da inda yake da inda ya dosa, amma barawon kifi kashe ta yake, sai ka ga digo a allon rada ba suna ba komai. In kun cim masa, a sauke karamin kwale-kwalen roba, yara shida ko takwas su shiga da rigar ruwa da bindiga, igiyar ruwa na daga ku tana saukewa, a jefo muku tsanin igiya, sai ka jira daidai lokacin da ruwa ya daga ka sannan ka kama, in ka kuskure kafa ta shiga tsakanin jirage biyu. Ka hau ka tarar da bene duk santsin kifi da man inji, ka nemi lasisi da littafin kamu, ka auna idon raga, ka shiga dakin sanyi da tocila kana daga katan-katan kana duba ko akwai kananan kifin da aka hana, kyaftin din kuma wanda dazu yake magana da kai a rediyo da Turanci yanzu ya ce ba ya ji. Jirgi daya kenan, ya ci maka rabin yini, sauran kuma sun ji labari a rediyo sun tsallaka layi. Yanzu ka auna wannan da ruwa mai girman Gana goma.

Shi ya sa kasa irin wannan jirgin sama mai sintiri da rada ta bakin gaba da hoton tauraron dan adam sun fi mata bataliya biyar amfani. Jirgin sama ya gano, na ruwa ya je ya kama. Kuma ba kifi kadai ba, hanyar nan ta Tekun Indiya hanyar kwaya ce, kamar yadda namu bangaren yake hanyar hodar iblis, ka tuna a farkon 2019 a tashar Praia ta Cape Verde an kama tan 9.5 a jirgi daya.

Ranar da aka gwada Morishus da gaske ma ba da bindiga aka zo ba. Ranar 25 ga Yuli 2020 wani katon jirgin dakon kaya mai suna Wakashio, na kamfanin Japan mai tutar Panama, ya hau kan duwatsun murjani a kudu maso gabashin tsibirin. Daga baya a kotu ta fito cewa sun matso gaba ne don wayoyinsu su samu sabis, ana kuma bikin ranar haihuwar wani a cikin jirgin. Jirgin ya zauna a wurin kusan sati biyu kafin ya fara zubar da mai ranar 6 ga Agusta, wajen tan 1,000 ya malala cikin ruwan da masu yawon bude ido ke biyan kudi su zo gani, wanda kuma shi ne abincin kasar. Kasar ba ta da kayan janye jirgi irin wannan, ba ta da isassun kayan tare mai. Mutanen gari ne suka fito suna dura ganyen rake cikin buhuna suna dinkewa suna shimfidawa a kan ruwa, mata na yanke gashin kansu suna bayarwa don gashi na shan mai, sai da Faransa ta turo taimako daga Reunion, Indiya da Japan ma suka turo. A karshen watan dubban mutane suka cika titunan Port Louis suna zagin gwamnati. Ka ga a ranar ko suna da tanka dari ba abinda zai tsinana, abinda suke bukata jirgin ja ne mai karfi da mutumin da ke gaban rada wanda zai daga murya tun jirgin na nesa.

Sai hadari na biyu, wanda shi ne ya fi ba shugabannin kananan tsibirai tsoro, kuma ba sojan wata kasa bane. Mutum 40 ko 50 ne masu bindiga da suka san aiki. A karamin tsibiri filin jirgi daya ne, gidan rediyo daya, fadar shugaba daya, ma'ajiyar makamai daya, duk kuma cikin tafiyar minti talatin. Wanda ya rike wadannan kafin gari ya waye ya rike kasa.

Komoros, wadannan dai da suka ci mu 3-2 a gasar kwallon kafa ta Afirka a Garwa a 2022 har yau ana mana dariya, sun sha wannan fiye da kowa. Wani Bafaranshe sojan haya mai suna Bob Denard ya sa hannu an tumbuke shugaba Ahmed Abdallah a 1975 wata guda kacal bayan 'yanci, a 1978 ya dawo ta ruwa da mutum wajen 50 ya kifar da Ali Soilih ya maido da Abdallah din, ya zauna yana rike da dogaran fadar shugaban kasa sama da shekara goma, har ya ce ya musulunta ya yi aure a can. A 1989 aka kashe Abdallah a fadarsa, Denard ya fice, a 1995 kuma ya sake dawowa da mutum wajen 30, sai da Faransa ta turo sojoji suka dauke shi. Kuma Komoros na da soja fa duk wannan lokacin. Juyin mulki da yunkurinsa a kasar sun haura 20.

Na Seshel ya fi ban dariya in ba don an rasa rai ba. Ranar 25 ga Nuwamba 1981 wasu Turawa su arba'in da 'yan kai suka sauka a filin jirgin tsibirin Mahe karkashin wani tsohon sojan haya Mike Hoare, sun yi shigar 'yan kulob din shan giya da suka zo hutu, jakunkunansu cike da kayan wasan yara wai za su raba wa marayu, a karkashi kuma an yi wa kowace jaka daki na boye an kwantar da AK-47. Yawancinsu har sun wuce kwastan sun fita. Sai aka bude jakar daya daga cikin na karshe, ma'aikacin ya lalubo bindiga, nan take harbi ya barke a filin jirgi, aka kwashe awanni ana yi, daga karshe suka kwace wani jirgin Air India da ya sauka suka tilasta masa ya kai su Durban. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu na da hannu a ciki. Ma'aikacin kwastan daya da ya yi aikinsa shi ya bata shirin. Kuma shi kansa shugaban da suka zo cirewa, Albert Rene, da juyin mulki ya hau a 1977, sojojin Tanzaniya ne ke dafa masa.

A Maldibs kuma ranar 3 ga Nuwamba 1988 'yan bindiga wajen 80 daga wata kungiyar Tamil ta Siri Lanka suka sauka babban birnin Male da asuba, wani dan kasuwa dan kasar ne ya dauko su, da dan gari kan ci gari. Sun kama gidan rediyo da manyan ofisoshi amma shugaba Gayoom ya buya yana ta buga waya kasashen waje, kuma sun yi sakacin barin filin jirgi wanda ke wani tsibiri daban. A daren ranar sojojin laima na Indiya suka taso daga Agra suka sauka a wannan filin, zance ya kare.

Abin lura a nan shine a duk ukun nan karshenta wani babba ne daga waje ya zo ko ya tsaya a baya. To wannan shi ne asalin manufar tsaron karamin tsibiri, ko an rubuta ko ba a rubuta ba: ka rike 'yan dakaru kadan masu kyau da za su iya tsayawa awa 24 su rike filin jirgi, sannan ka san lambar wa za ka kira. SMF aikinta kenan.

Kuma in ka ce bari in kafa babban soja don maganin 'yan haya, sau da yawa shi sojan ne ke zama ciwon. Sao Tome da ke nan kusa da mu a mashigin tekun Gini, a watan Yuli 2003 shugaba Fradique de Menezes na Abuja sojoji suka karbe mulki suna kukan albashi da talauci, sai bayan sati guda Obasanjo ya rako shi gida. Gambiya ba tsibiri bace amma labarinta ya fi kowanne fitowa fili. A da ba ta da soja, a 1981 shugaba Jawara na Landan wajen bikin auren Yarima Charles aka yi yunkurin kifar da shi, Senegal ta shigo ta maido shi. Sai ya ce to bari in kafa soja. A 1994 wani laftanar dan shekara 29 daga cikin sojan nan, Yahya Jammeh, ya kore shi ya zauna shekara 22, kuma mu a Gana ba mu manta 'yan uwanmu da aka kashe a can a 2005 ba. Morishus fa? A zaben 1982 'yan adawa suka cinye kujeru 60 cikin 60 na babban tsibirin, Seewoosagur Ramgoolam wanda ya karbo musu 'yanci ya tattara ya mika wa Anerood Jugnauth, wata shida kenan bayan mu nan mun tashi da muryar Rawlings a rediyo yana sanar da juyin mulki ranar 31 ga Disamba 1981. A Nuwamba 2024 ma kusan haka aka sake, gwamnati ta sha kaye mummuna ta sauka. Ba a taba juyin mulki a kasar ba. Ba zan ce rashin soja kadai ya jawo haka ba, suna da kotuna masu karfi da tattalin arziki mai tafiya, amma ni a ganina a kasar da ke da Hindu da Musulmi da Kiriyol da 'yan asalin Sin da Faransa, wadda har rikicin kabilanci ta yi a Janairun 1968 sai da sojojin Ingila suka shigo, tambayar wace kabila ce ta fi yawa a manyan hafsoshi kadai ta isa ta hana kowa barci. Sun kauce wa tambayar gaba daya. Ba wai 'yan sandan nasu waliyyai bane, a Fabrairun 1999 wani sanannen mawaki ya mutu a hannunsu kasar ta yi kwanaki tana ci da wuta.

Yanzu ga inda nake so ka bude kunne, don masu yabon Morishus a nan suke yin shiru. Lambar da suke kira ta Indiya ce. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen kasar jikokin 'yan kwadagon da Ingila ta kwaso daga Indiya ne tun daga 1834 don noman rake, to zumuncin na jini ne. Babban jirgin masu gadin tekunsu, Barracuda, a Kolkata aka kera shi, firaministan Indiya Modi da kansa ya je kaddamarwa a Maris 2015. Jiragen sama na sintiri samfurin Dornier daga Indiya, helikwafta samfurin Dhruv daga Indiya, radar bakin gaba Indiya ta kafa, jiragen yakin Indiya na zuwa su taya su zagaya ruwansu su auna musu zurfin teku. Abin bai tsaya a kaya ba, an dade hafsan sojan ruwan Indiya ne ake aro ya shugabanci masu gadin tekun, kuma mukamin mai ba firaminista shawara kan tsaron kasa ma an dade ana ba dan Indiya. Ka kwatanta a ce mai ba shugaban Gana shawara kan tsaro a fadarsa ta Jubilee House dan wata kasa ne da gwamnatinsu ta turo, me za a fada a unguwar Nima ta Accra ranar?

Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Agalega, tsibirin da mutanensa 'yan daruruwa ne masu sana'ar kwakwa, Indiya ta gina titin jirgin sama mai tsawon kilomita 3 da tashar jirgin ruwa, aka bude a karshen Fabrairu 2024. Gwamnatin Morishus ta nace cewa ba sansanin soja bane. To, ni dai na san jirgin da ke kai wa mutum dari uku shinkafa da magani ba ya bukatar titi mai kilomita 3, irin wannan titin na manyan jiragen leken teku ne, kuma kowa ya san idon Indiya na kan jiragen Sin da ke yawo a tekun. Ban ce Morishus ta yi asara ba, ita ma tana amfana da wurin. Amma an biya, kawai dai ba a kasafin kudi za ka ga farashin ba. In kuma wata rana ka gaji da babban yaya, fita ba sauki. Shugaba Muizzu na Maldibs ya ci zabe a 2023 da alkawarin korar sojojin Indiya, sun fita zuwa Mayu 2024, sai ga ministan tsaronsa na fada da bakinsa cewa ba su da matukan da za su iya tuka helikwafta biyu da Dornier din da Indiya ta ba su, fararen hula daga Indiyar ne suka karbi aikin.

Inda Morishus ta burge ni da gaske shine batun tsibiran Chagos. A 1965, kafin a ba su 'yanci, Ingila ta yanke wadannan tsibiran ta rike, ta biya fam miliyan 3, ta ba Amurka babban cikinsu Diego Garcia ta yi sansani, aka kwashe mutanen wurin kaf tsakanin 1968 da 1973 aka zubar a Morishus da Seshel. Wane soja Morishus za ta kafa da zai kwato wuri daga hannun Ingila da Amurka? Sai suka yaki abin da lauyoyi da kuri'u. A Fabrairun 2019 Kotun Duniya da ke Hague, alkalai 13 cikin 14, ta ce rikon da Ingila ke yi ba ya bisa ka'ida, a watan Mayu babban zauren Majalisar Dinkin Duniya ya kada kuri'a 116 da 6 cewa ta fita. Ingila ta yi kunnen uwar shegu na wasu shekaru, amma a Mayun 2025 ta sa hannu a yarjejeniyar mika tsibiran, da sharadin za ta ci gaba da rike Diego Garcia haya na shekara 99 tana biyan kimanin fam miliyan 101 a shekara. Sa hannu daban mikawa daban, kuma su mutanen da aka kora da yawansu na cewa ba a tambaye su ba. Amma dai ka ga inda kudin da ba a kashe a tanka ba ya yi aiki. Mu ma mun dandana irin wannan, rikicin iyakar ruwa da Kodebuwa a kotun teku ta Hamburg muka gama shi a Satumba 2017 ba a harba ko harsashi daya ba, rijiyoyin manmu suka tsira. Aisland ma da ba ta da soja haka ta yi da Ingila kan kifi har zuwa 1976, 'yan jiragen gadin teku masu yanke ragar Turawa, da barazanar rufe sansanin NATO da ke kasarta, Ingila ta hakura.

Ba kowane tsibiri ne wannan ya dace da shi ba. Singafo ta dauki akasin haka, tun 1967 kowane saurayi sai ya yi aikin soja, tana da jiragen yaki da jiragen karkashin ruwa, saboda ita tsakaninta da Malesiya gada ce kawai kuma tana zaune a bakin mashigin da jiragen duniya ke bi.

Wanda ya kawo mu ga Gana. Dana, mu ba mu da kilomita 2,000 na ruwa tsakaninmu da kowa. Ka hau mota daga Kumasi ka wuce Tamale da Bolga ka isa Paga, taku kadan kana Burkina, inda masu dauke da makamai ke rike da yankuna masu yawa, kuma sun riga sun taba arewacin Togo da Benin da Kodebuwa. Mai babur da bindiga ba ya bukatar jirgi ko biza. Ga rikicin Bawku a arewacinmu da ya ki ci ya ki cinyewa. A irin wannan hali wanda ya ce a sallami soja bai taba kwana a kan iyaka ba. Ban da haka sojan Gana tun Kongo a 1960 yake aikin kiyaye zaman lafiya, Lebanon da Laberiya da Saliyo da sauransu, yana kawo wa kasa suna da kudi, gidaje nawa ne a Ashaiman da Madina aka gina da alawus din Lebanon? Kuma tun 1992 sojan ya koma bariki ya zauna, wanda ba karamin abu bane in ka duba makwabta.

Abinda za mu dauka daga wurinsu shine su sun zauna sun tambayi kansu me zai iya cutar da mu da gaske, suka sa dan kudinsu a nan. Mu muna da gabar teku sama da kilomita 500, muna hako mai a rijiyoyin Jubilee da ke cikin teku tun 2010, cibiyar sa ido kan teku ta shiyyarmu karkashin yarjejeniyar Yaounde ta 2013 a nan Accra take, amma ka je Elmina ka tambayi masunta labarin saiko, yadda manyan jirage ke kwashe kananan kifi su daskarar su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar ruwa, har Tarayyar Turai ta sake ba mu katin gargadi a 2021 bayan na 2013. Kifin da uwarka ke saya da tsada a kasuwar Nima daga nan tsadar ta faro. Da za a tambaye ni inda za a kara kudi a kasafin tsaro, bayan iyakar arewa, cewa zan yi man jirgi da kayan gyara da jirgin sama mai sintiri, da kuma lauyoyin gwamnati da suka san dokar teku, don kama jirgi ba wuya kamar tsayar da shari'ar a kotu bayan mai jirgin ya fara buga waya.

Sauran tambayarka ta yadda za ka shiga sojan ruwa da ka sa a kasan sakonka, wannan sai ka zo gida da takardunka mu duba, ka kuma fara koyon iyo tun yanzu.